Sabo da Zafi: Fagen Ilmin da Yake Neman Ma'aikata

Akwai wata magana da takan fito daga bakin Bahaushe duk sa'ad da bazara ta kai gaɓar da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa, ruwan randa ya koma kamar an ɗora shi bisa murhu, watau ya ce, "Ai mu mun saba da zafi." Manomi yakan faɗe ta, ɗan dako yakan faɗe ta, har malamin jami'a ma yakan faɗe ta yana share gumi a gaban allo. Maganar nan tana da gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar tana da iyaka, kuma kaɗan ne ƙwarai suka tsaya suka auna inda iyakar take a jikin mutumin Sakkwato, ko na Maraɗi, ko na Nguru. Auna wannan iyaka kuwa sana'a ce ta ilmi mai zaman kanta, wadda waɗansu mutane suka ƙare rayuwarsu a kanta, suka zama shaihunan malamai ta dalilinta. Ra'ayin da ake son kafawa a nan shi ne, ya kamata ɗaliban jami'o'in ƙasar Hausa su dubi nazarin yadda jikin ɗan Adam yake jure sauyin yanayi a matsayin aikin da mutum zai ba wa shekarunsa, kuma ɗalibin Sashen Hausa yana da rabo a ciki fiye da yadda shi kansa yake zato.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa ba a ɓoye yake ba. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, ana cikin azumin Ramalana, ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A cikin kwana huɗu na farkon wannan wata, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102, alhali kuwa a dukan watan Afrilun shekarar da ta gabata mutum 130 ne suka rasu a can. Fiye da rabin mamatan sun haura shekara sittin. Mutanen Mali ba baƙin zafi ba ne. Su ma da irin wannan magana ta sabo suke ƙarfafa wa junansu gwiwa. Shekarar 2024 ɗin nan Hukumar Yanayi ta Duniya ta lissafa ta da cewa zafinta ya ɗara na zamanin da ba a fara ƙona gawayin ƙasa da man fetur a masana'antu ba da kimanin digiri ɗaya da rabi. Digiri ɗaya da rabi ƙaramin abu ne a kunne, amma idan aka ɗora shi a kan bazarar da dama can takan wuce arba'in, to, shi ne ƙarin da ke karya wuyan mai kaya.

Ya kamata a fara da warware kalmar "sabo" ita kanta, domin Hausa ta haɗa abubuwa mabambanta a cikin kalma guda. Sabo na farko shi ne wanda jiki ke yi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Idan mutum ya shiga aiki a rana kullum, ruwan jininsa yakan ƙaru, gumi ya riƙa zubo masa da wuri kuma da yawa, gishirin da ke fita tare da gumin ya ragu, bugun zuciyarsa ya sassauta. Mai irin wannan sabo yana iya zubar da gumi lita ɗaya zuwa biyu a cikin awa guda. Amma wannan sabo aro ne, ba mallaka ba. Wanda ya bar rana ya koma zaman inuwa na 'yan makonni, sai jikinsa ya mayar da abin da ya ara. Shi ya sa ɗan birni da ya je taya mahaifinsa noma a ƙauye yakan fi shan wuya a kwanakin farko. Akwai kuma sabon da ake samu tun ana yaro, wanda ke shafar yadda jiki ke ginuwa, kamar faɗin ƙirjin yaran da suka tashi a bisa manyan tsaunuka. Sa'an nan akwai dabarun da ba na jiki ba, waɗanda kakanni suka bari: soron ƙasa mai kaurin bango da ke riƙe sanyi, da riga mai faɗi da iska ke ratsawa, da rawani, da fura, da barin gona in rana ta take. Galibin abin da Bahaushe ke kira sabo, in aka bincika, a cikin waɗannan dabaru yake, kuma su ne ake ta watsarwa a yau, ana musanya soro da kwano.

Sabo na ƙarshe, wanda ya fi kowanne zurfi, shi ne na gado, watau wanda ke cikin ƙwayoyin halitta da iyaye ke miƙa wa 'ya'ya. A nan ne ya kamata a daɗe, domin a nan ne ruɗun yake. Babban misalinsa a ƙasar Hausa shi ne sikila. Cikin 1954 Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya nuna cewa wanda ya gaji ƙwayar sikila daga iyaye ɗaya kaɗai yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Cikin 1958 Frank Livingstone ya haɗa wannan da tarihin noma a Afirka ta Yamma, ya ce sare daji domin gona shi ya samar wa sauro matattara, sauro ya yaɗa zazzaɓi, zazzaɓi kuma ya fifita masu wannan ƙwaya. An tabbatar da batun a cikin gida, a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take Jihar Kano, yanzu kuwa Jigawa, inda Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da babban binciken zazzaɓi daga 1969 zuwa 1976. Alan Fleming, malamin ilmin jini a Jami'ar Ahmadu Bello, da abokan aikinsa sun bayyana a 1979 cewa jarirai 24 cikin ɗari ne ake haifa da ƙwayar guda ɗaya a wannan yanki, amma a cikin waɗanda suka wuce shekara biyar adadin ya kai 29 cikin ɗari. Mai karatu ya tsaya ya dubi waɗannan lambobi biyu. Ba wanda ke samun ƙwayar bayan haihuwa. Adadin ya hau ne domin yaran da ba su da ita sun fi mutuwa. Haka sabon gado yake aukuwa: ba jiki ne ke koyon wani abu ba, kaburburan yara ne ke tace al'umma, tsara bayan tsara. Kuma kuɗin bai ƙare ba, tun da yaron da ya gaji ƙwayar daga uwa da uba duka shi ne mai ciwon sikila, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta a 2006 cewa ana haifar kimanin 150,000 a Nijeriya kowace shekara.

Haka nan batun Fulani da nono. Yawancin mutanen duniya sukan rasa sinadarin da ke narkar da zaƙin madara bayan yaye, amma da yawa daga cikin makiyaya suna riƙe da shi har tsufa. Wannan ma ya ɗauki dubban shekaru na zama da shanu. To, ɗumamar da ake magana a kai ta faru ne cikin abin da bai kai shekara ɗari biyu ba, mafi yawanta ma cikin hamsin na baya-bayan nan, watau tsara biyu kacal. Duk wanda ke jiran jikin jikokinsa ya sauya ya dace da sabon zafi, bai san tsawon jiran ba, bai kuma san abin da ake biya ba. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, kuma a wannan batu karin maganar ta faɗa daidai inda take.

Ina iyakar take? Cikin 2010 Steven Sherwood da Matthew Huber sun yi lissafi, suka ce idan ma'aunin zafi da aka naɗe kansa da jiƙaƙƙen ƙyalle ya kai digiri 35, to gumi ba zai ƙara bushewa ya sanyaya fata ba, kuma ko lafiyayyen mutum da ke zaune a inuwa ba zai wuce 'yan sa'o'i ba. Lissafi ne a takarda. Da Larry Kenney da ɗalibansa na Jami'ar Jihar Pensilbaniya a Amurka suka shigar da mutane ɗakin gwaji suka auna, sai suka bayyana a 2022 cewa a iska mai laima jiki yakan fara kasa riƙe zafinsa tun wajen digiri 31. To, su wa aka auna? Samari da 'yan mata lafiyayyu na Amurka, masu ƙoshi, masu ruwan sha a hannu. Kafin su, yawancin abin da aka sani game da aiki a zafi ya fito ne daga sojoji, da kuma ma'aikatan ramukan zinariya na Afirka ta Kudu, waɗanda Cyril Wyndham ya yi shekaru yana aunawa a ɗakin binciken masu ma'adinan, domin a san yadda za a horar da lebura ya jure zafin rami. A Nijeriya ma, zamanin mulkin mallaka, an yi ɗakin binciken aikin jiki a ƙasar zafi a Oshodi kusa da Ikko, inda W. S. S. Ladell ya yi aiki a shekarun 1950. Ilmin da aka samu a waɗannan wurare na ƙwarai ne, amma tambayar da ta haife shi tambayar mai gida ce game da baransa. Tambayar mai ciki wata takwas da ke sussuka a rana, ko dattijo mai hawan jini da ke azumi a ɗakin kwano ba wutar lantarki, ko almajiri, ko mai tura kurar ruwa, ba ta cikin lissafin.

Inda aka yi irin wannan tambaya, an sami amsa mai tayar da hankali. A Gambiya, likita Ana Bonell ta bi mata manoma 92 masu juna biyu har gonakinsu, tana auna su da 'ya'yan da ke cikinsu suna tsakar aiki. Sakamakon da ta fitar a 2022 ya nuna cewa duk ƙarin digiri ɗaya na matsin zafi yana tafe da ƙarin kashi 17 cikin ɗari na alamun wahala ga ɗan tayi, kamar saurin bugun zuciya da raguwar jinin da ke isa gare shi. A Nikaraguwa da Salbado an daɗe ana ganin ƙodar samari masu saran rake tana lalacewa ba tare da ciwon sukari ko hawan jini ba, kuma aiki a zafi da ƙarancin ruwa yana gaba-gaba a cikin abubuwan da ake zargi. Wanda ya san yadda ciwon ƙoda ya addabi Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe zai ga cewa akwai tambaya a nan da take buƙatar mai haƙurin aunawa, ya rarrabe tsakanin abin da ruwan sha ya jawo, da abin da maganin feshi ya jawo, da abin da rana ta jawo.

To yaya rayuwar mai wannan sana'a take? Misalin Cynthia Beall ya isa a duba. Ta yi karatu a hannun Paul Baker, wanda tun shekarun 1960 ya kafa sansanin bincike a Nuñoa, bisa tsaunukan Peru. Ta fara da Peru a shekarun 1970, ta wuce Nepal da Tibet, daga baya ta je Habasha, duk tana bin tambaya guda: yaya mutane ke rayuwa a tsayin mita 4,000 inda numfashi ba ya ƙosarwa? Ta gano cewa mutanen Peru da Bolibiya jininsu ne ke kauri, su kuwa mutanen Tibet jininsu bai cika kauri ba, numfashinsu ne ya fi yawa, hanyoyin jininsu kuma suka fi buɗewa. Matsala ɗaya, mafita daban-daban. Sai a 2010 ita da waɗansu suka kai ga ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke bayan wannan bambanci. Fiye da shekara talatin ke nan tsakanin tambaya da wannan amsa. Sana'ar ba ta mai gaggawa ba ce, kuma darasin da ke cikin aikinta ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye: abin da aka auna a jikin wata al'umma ba lalle ne ya zama haka a jikin wata ba.

Zariya ma ta taɓa zama matattarar irin waɗannan mutane. Brian Greenwood ya yi shekara goma a can daga 1970, yana nazarin sanƙarau da yadda yake tashi idan iska ta bushe zafi ya tsananta, ya kuma lafa da saukar ruwan fari, kafin ya tafi ya shugabanci cibiyar bincike a Gambiya. Amma labarin da ya fi dacewa da wannan bayani shi ne na wankan jego. A shekarun 1970 Eldryd Parry da Neil Davidson sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa a Zariya da kewaye, kuma abin ya fi yawa a watannin zafi da laima. Suka danganta shi da al'adar jego: wanka da tafasasshen ruwa har kwana arba'in, da kwanciya bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa mai yawan gishiri. Bayanin ya shiga littattafan likitanci na duniya, ya zauna shekaru da dama, har ya zama idan aka ambaci wannan ciwo sai a ambaci matan Hausawa. Cikin 1992 wani bincike a Yamai ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin masu ciwon. Daga baya Shaihun Malami Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranci tattara bayanan masu wannan ciwo daga asibitoci da dama a faɗin Nijeriya, kuma sakamakon da aka fitar a 2020 bai sami al'adun jego a cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatu, da rashin aikin yi, da hawan jinin ciki. Wannan ba ya nufin Parry da abokinsa sun yi sakaci, kuma ba ya nufin tafasasshen ruwa ba ya ƙona mai jego. Abin da yake nunawa shi ne, bayanin da aka yi game da jikin al'umma yana iya zama shekara arba'in ba a taɓa shi ba, sai an sami ɗan gida mai ilmi da kayan aiki ya koma kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya hau rufin.

A nan ne ɗalibin Hausa zai ce, to ni ina ruwana? Ruwansa yana da yawa. Likitan da ya zo da takardar tambayoyi yana son sanin ko manomi ya taɓa galabaita saboda rana, da wace kalma zai tambaya? "Zafi" a bakin Bahaushe yana nufin na rana, yana nufin raɗaɗi, yana nufin wani rukunin cuta da ake cewa ya taru a ciki har a sha masa jiƙo. "Sanyi" kuwa ya fi haka faɗi, tun da tsoronsa ne ma ya haifi wankan jego. "Zazzaɓi" ya haɗiye cututtuka goma. Murray Last a ƙasar Malumfashi, da Lewis Wall a littafinsa na 1988 game da maganin Hausawa, sun nuna yadda waɗannan kalmomi ke da tsari nasu, wanda bai yi daidai da rabe-raben asibiti ba. Duk tambayar da aka fassara ba tare da sanin wannan tsari ba za ta dawo da amsar da ba ta ba ce, a zuba ta a kwamfuta, a fitar da lambobi masu kyan gani marasa tushe.

Ga kuma batun shekaru. A Keneba ta Gambiya an riƙa rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950, wannan ya ba Sophie Moore da Andrew Prentice damar nunawa a 1997 cewa waɗanda aka haifa a lokacin yunwar damina sun fi saurin mutuwa a ƙuruciyar balaga, har ninki goma. Da aka maimaita binciken a karkarar Senegal ba a ga haka ba, wanda ya ƙara tabbatar da cewa kowace ƙasa sai ta auna nata. Ƙasar Hausa tana da mutanen da aka haifa a farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, suna raye, yanzu suna shiga shekarun hawan jini da ciwon sukari. Me yunwar da suka sha a ciki da a goye ta bari a jikinsu, kuma yaya hakan ke shafar juriyarsu ga zafin yau? Yawancinsu ba su da takardar haihuwa. Hanyar da masu bincike ke bi ita ce kalandar abubuwan da suka faru, watau a tambayi tsohuwa ko ta haifi wane kafin mutuwar sarki kaza ko bayan shekarar fara. Hausawa suna raɗa wa yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma sunayen sukan bambanta daga gari zuwa gari. Tattara su, da jera su, da daidaita su da shekarun Miladiyya, aiki ne na wanda ya koyi adabin baka da kare-karen harshe. Ba tafinta ake nema ba, wanda za a sallama da kuɗin yini. Abokin bincike ake nema, wanda sunansa zai fito a kan takarda, kuma hakan ba zai samu ba sai ɗalibin Hausa ya yarda ya koyi lissafin ƙididdiga da ɗan abin da ya sawwaƙa na ilmin aikin jiki, ko da a digiri na biyu ne.

Akwai masu ƙyamar fagen, kuma dalilansu ba na banza ba ne. Ilmin auna jikin ɗan Adam yana da mummunan tarihi. Da shi aka auna ƙoƙon kan baƙar fata a ƙarni na 19 aka ce an sami hujjar bautar da shi. Mutanen Kano kuma ba su manta da 1996 ba, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara 200 ana tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009. Wanda ya zo ƙauye da allura yana neman jini bayan wannan, dole a yi masa kallon tuhuma. Amma janyewa ba ta kare kowa. Wani lissafi da aka fitar a 2019 ya nuna cewa kashi 78 cikin ɗari na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa kashi 2 kacal. Magungunan gobe da ma'aunan gobe a kan jikin waɗancan za a yanka su. Maganin mugun mai bincike shi ne mai binciken da zai yi bayani da Hausa a zauren mai unguwa, wanda kuma an san gidan ubansa.

Waɗansu kuma suna jin tsoron fagen ta fuskar addini. Ga waɗannan ya isa a tuna cewa aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa saɓanin harsuna da launukan mutane a cikin ayoyin Ubangiji ga masu sani, kuma Ibn Haldun, a Muƙaddimarsa ta 1377, ya yi dogon bayani kan tasirin iska da zafi a launin mutane, har ya ƙaryata masu cewa baƙar fata la'ana ce da aka gada. Auna gumin manomi da bugun zuciyar ɗan tayi bai taɓa aƙidar kowa ba.

Ƙyamar da ta fi nauyi ita ce ta abinci. Daga shiga jami'a zuwa digiri na uku, shekara goma ce ko fiye, in ba a yi yajin aiki ba, alhali kuwa an yi na wata tara a 2020, an yi na wata takwas a 2022. Albashin malami ba ya kai shi ƙarshen wata, injin sanyaya jini yana buƙatar wutar da ba ta tsayawa, wanda ya ƙware kuma ƙasashen waje suna miƙo masa hannu. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya ɓoye wa ɗalibi shi ya cuce shi. Amma akwai abin da ya kamata a ɗora a ɗaya gefen sikeli. Wannan fage, saɓanin waɗansu, ba ya fara da injin miliyoyi. Ma'aunin zafi da laima, da sikeli, da abin auna bugun zuciya, da kwalbar gwajin fitsari, da littafin rubutu sun isa a fara aikin da duniya za ta karanta, domin abin da ya fi tsada a wannan ilmi shi ne samun mutanen da ke rayuwa a cikin zafin da yardarsu, kuma wannan yana bakin ƙofar kowace jami'a daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Yamai zuwa Damagaram. Ƙofofin shiga ma suna nan: sassan ilmin aikin jiki da na ƙirar jiki a kwalejojin likitanci, da sassan lafiyar al'umma, da labarin ƙasa, da Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero. Asusun TETFund yana ba da kuɗin bincike, shirin H3Africa kuma, wanda ya fara ba da tallafi a 2012, ya horar da 'yan Afirka da dama a nazarin ƙwayoyin gado.

Abin da ya rage wa hukumomin jami'a ba mai yawa ba ne, sai dai yana buƙatar a sauke girman kai na sassa. A yarda ɗalibin digiri na biyu ya sami masu duba aiki biyu, ɗaya daga Sashen Hausa, ɗaya daga kwalejin likitanci, ba tare da an ce kundinsa ba shi da gida ba. A zaɓi ƙauyuka 'yan kaɗan a riƙa rubuta haihuwarsu da mutuwarsu da zafin kowace rana, kamar yadda aka yi a Keneba, da niyyar a ci gaba ko bayan waɗanda suka fara sun yi ritaya. Shi kuma ɗalibin da ke neman batun kundin digirinsa na farko, yana iya ɗaukar rakoda a watan Afrilu ya zauna da masu gasa burodi, da maƙera, da matan da ke tuyar ƙosai, ya rubuta kalmomin da suke kiran galabaitar zafi da su, da alamun da suke ganewa kafin mutum ya faɗi, da abin da suke ba shi ya sha in ya faɗi.